Kwalejojin Cikanawa a Amurka: Tarihin Wani Yunƙuri na Mallakar Ilimi

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen gwagwarmayar neman daidaiton haƙƙi a Amurka cikin shekarun 1960, abin da yakan fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne baƙaƙen fata da jagororinsu irin su Martin Luther King da Malcolm X. A daidai wannan lokaci kuwa akwai wata al'umma da ta tashi tsaye a jihohin kudu maso yammacin ƙasar, wato Amurkawa ƴan asalin Meziko. Matasansu sun ɗauki kalmar Chicano, wadda a da ake yi wa talakawansu gori da ita, suka mayar da ita sunan alfahari. A wannan takarda za mu bi ƙa'idar Hausa mu kira mutanen Cikanawa.

Gwagwarmayar Cikanawa tana da rassa da yawa. Akwai ta ƴan ƙwadagon gona, akwai ta neman filayen kakanni, akwai ta siyasa da zaɓe, akwai kuma ta adawa da yaƙin Biyetnam. Reshen da za mu duba shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba, wato ƙananan kwalejoji da jami'o'in da Cikanawa suka kafa da hannunsu tsakanin 1969 da 1973, domin su koyar da ƴaƴansu abin da suka ga ya dace da kuma harshen da suka tashi da shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ke ba da digiri a yau. Takardar za ta bayyana dalilin kafa su, da yadda suka yi aiki, da abin da ya durƙusar da su. Abin da za mu gani shi ne, sun mallaki suna da manhaja da malamai, amma abubuwa biyu da ke raya babbar makaranta a Amurka, wato kuɗi da shaidar amincewa, sun kasance a hannun wasu.

2.0 Tushen Matsalar

Mutanen da muke magana a kansu ba duka baƙi ba ne a Amurka. A yaƙin 1846 zuwa 1848 Amurka ta ci Meziko, aka ƙulla yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848. Idan aka haɗa da Tekzas, Meziko ta rasa fiye da rabin ƙasarta, wanda ya ƙunshi Kaliforniya da Nebada da Yuta da mafi yawan Arizona da New Mexico da wani sashe na Kolorado. Mazauna waɗannan wurare sun wayi gari ƴan wata ƙasa ba tare da sun bar gidajensu ba. Daga baya wasu dubbai suka ƙetaro, musamman lokacin juyin juya halin Meziko da ya fara a 1910, da kuma ƙarƙashin shirin ɗaukar ƴan ƙwadagon gona da ake kira Bracero, wanda ya gudana daga 1942 zuwa 1964.

A garuruwa da yawa na Tekzas da Kaliforniya an ware wa ƴaƴansu makarantu dabam, waɗanda ba su kai na ƴaƴan Turawa gini ko kayan aiki ba. A 1918 jihar Tekzas ta kafa doka da ta haramta koyarwa da kowane harshe in ban da Ingilishi a makarantun gwamnati, ba a kuma sassauta ta ba sai 1969. Yaron da aka ji yana Sifaniyanci a harabar makaranta yakan sha hukunci. Galibi kuma akan tura yaran ajin koyon sana'ar hannu, a rufe musu hanyar da ke kaiwa jami'a.

Iyaye sun bi hanyoyi biyu wajen tunkarar wannan hali. Wasu sun kafa ƙananan makarantun unguwa da kuɗinsu, kamar Colegio Altamirano da aka buɗe a garin Hebbronville na Tekzas a 1897, wadda ta yi kimanin shekara 60 tana koyarwa da Sifaniyanci. Wasu kuwa kotu suka nufa. A shari'ar Mendez da hukumar makarantun Westminster, kotun tarayya ta yanke a 1946 cewa ware yara ƴan asalin Meziko a makarantun Kaliforniya ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1947. Wannan ya riga sanannen hukuncin Brown na 1954 da shekara bakwai.

Duk da haka hukuncin kotu bai sauya abin da ke faruwa cikin aji ba. Hukumar kare haƙƙin ƴan ƙasa ta Amurka ta fitar da wani rahoto a 1971 kan jihohi biyar na kudu maso yamma. Ta ƙiyasta cewa cikin yara 100 ƴan asalin Meziko da suka shiga ajin farko, kimanin 60 ne ke gama sakandare, 23 su shiga kwaleji, 5 kacal su kammala. A wajen ƴaƴan Turawa kuwa 49 ke shiga kwaleji, 24 su kammala.

3.0 Shekarun 1968 da 1969: Hanya Ta Rabu Biyu

A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin birnin Los Angeles suka fice daga azuzuwa, da goyon bayan wani malaminsu mai suna Sal Castro. Sun nemi a daina hukunta su saboda harshensu, a koyar da tarihinsu, a ɗauki malamai daga cikin al'ummarsu, a kuma buɗe musu hanyar jami'a. Irin wannan bore ya bazu zuwa Denver da garuruwan Tekzas. Wanda ya fi shahara a Tekzas shi ne na Crystal City a Disamba 1969, wanda ya share fagen kafa jam'iyyar La Raza Unida a farkon 1970.

A 1969 an yi taruka biyu da suka tsara tunanin matasan. Na farko shi ne taron matasa na Denver a watan Maris, wanda tsohon ɗan dambe Rodolfo Gonzales da ƙungiyarsa suka shirya. A nan aka fito da takardar da ake kira Shirin Aztlán. Aztlán sunan ƙasar asali ce a tarihin baka na Aztek, matasan kuma suka ɗauke shi a matsayin sunan yankin da aka ƙwace a 1848. Saƙon takardar shi ne al'umma ta riƙe unguwanninta da tattalin arzikinta da makarantunta da kanta. Taro na biyu an yi shi a watan Afrilu a Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara. Shirin da ya fito daga nan ya tsara yadda za a kafa sassan nazarin Cikanawa cikin jami'o'in da ke akwai, aka kuma haɗa ƙungiyoyin ɗalibai ƙarƙashin suna ɗaya, MEChA.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mafi yawa suka zaɓi shiga cikin manyan jami'o'i su nemi gurbi. Tun 1968 kwalejin jiha da ke Los Angeles ta buɗe shirin nazarin Amurkawa ƴan asalin Meziko, a 1969 kuma masanin tarihi Rodolfo Acuña ya jagoranci kafa sashe a kwalejin San Fernando Valley. Wasu ƴan kaɗan suka ce wannan bai isa ba. Hujjarsu ita ce, sashe a cikin jami'ar wasu ɗaki ne a gidan wasu: maigida ke yanka masa kasafi, shi ke ɗaukar malamai, shi kuma ke iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama. Waɗannan su ne suka fita suka kafa makarantun da za mu duba.

4.0 Makarantun

4.1 Jacinto Treviño da Juárez-Lincoln a Tekzas

Kwarin kogin Rio Grande a kudancin Tekzas yanki ne na noman lemo da kankana da kayan lambu, yana kuma cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka a wancan lokaci. A 1966 ƴan ƙwadagon gonakin kankana suka shiga yajin aiki a gundumar Starr, jami'an tsaron jiha da ake kira Texas Rangers suka murƙushe shi da duka da kame. A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar matasa ta MAYO ta yi babban taronta a garin Mission a Disamba 1969, inda aka amince da kafa kwalejin Cikanawa. Kwalejin ta zauna a garin Mercedes.

Sunan da aka zaɓa mata ya nuna manufarta. Jacinto Treviño mutumin yankin ne da ya yi fito-na-fito da Texas Rangers a farkon ƙarni na 20 ya tsere Meziko, mawaƙan baka kuma suka mayar da shi gwarzo. A idon hukuma ɗan ta'adda ne, a idon talakawan kan iyaka kuwa namijin duniya ne. Sa wa makaranta sunansa tamkar sanarwa ce cewa tarihin da za a koyar a ciki shi ne wanda ke bakin mutane.

Dabarar masu kafa ta ita ce su fara da horar da malamai. Ƙaramin rukuni na ɗalibai suka shiga neman digiri na biyu a fannin ilimi, da nufin su zama malaman ƴan digirin farko da kuma na makarantun yankin. Daga cikin waɗanda suka yi aikin kafa ta akwai Aurelio Montemayor da Narciso Alemán da Martha Cotera, wadda daga baya ta rubuta littafin Diosa y Hembra a 1976, ɗaya daga cikin ayyukan farko kan tarihin matan Cikanawa. Sai dai kwalejin ba ta da ikon ba da digirin da za a karɓa a ko'ina. Saboda haka ta raɓu da kwalejin Antioch da ke jihar Ohio, tsohuwar makaranta mai sassaucin ra'ayi wadda a lokacin take buɗe cibiyoyi a sassan ƙasar. Karatu a Mercedes ake yi, amma takardar shaida da sunan Antioch take fitowa.

Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakanin shugabanni kan alkiblar makarantar. A 1971 Leonard Mestas da Andre Guerrero suka fice suka kafa cibiyar Juárez-Lincoln a Fort Worth, suka mayar da ita Austin a 1972. Ko sunan nan kaɗai ya nuna bambancin ra'ayi, domin ya haɗa Benito Juárez na Meziko da Abraham Lincoln na Amurka, shugabanni biyu da suka yi zamani ɗaya. Jacinto Treviño ta rufe a tsakiyar shekarun 1970. Juárez-Lincoln ta fi ta daɗewa: ta horar da malamai masu koyarwa da harsuna biyu, ta kuma riƙe wata cibiya ta tattara bayanai kan ƴan ƙwadagon gona masu yawo. Amma ita ma ƙarƙashin Antioch take, da Antioch ta shiga matsalar kuɗi ta janye a 1979 sai karatu ya tsaya. Ƙungiyoyin masu zane da na unguwa sun ci gaba da amfani da ginin, har aka rushe shi a 1983 tare da babban zanen bango da Raúl Valdez ya yi a jikinsa, duk da zanga-zangar mutanen unguwa.

4.2 Jami'ar D-Q a Kaliforniya

Wannan makaranta ta haɗin gwiwa ce tsakanin Cikanawa da ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. A kusa da garin Davis akwai wani tsohon sansanin sadarwa na soja mai faɗin kimanin hekta 260, wanda gwamnatin tarayya ta daina amfani da shi. Wasu malamai, ciki har da Jack Forbes da David Risling, suka nemi a ba su domin kafa jami'a, Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ita ma ta nema. Da aka ga alamar babbar jami'ar za a ba, sai matasa suka tsallake shinge a Nuwamba 1970 suka mamaye wurin. Wannan ya zo ne a lokacin da ƙabilun asali ke riƙe da tsibirin Alcatraz, wanda suka mamaye tun Nuwamba 1969. Jami'ar Kaliforniya ta janye buƙatarta, aka miƙa filin a Afrilu 1971, karatu ya fara a wannan shekara.

Haruffan sunanta suna wakiltar mutanen biyu. Harafin D na sunan mai sulhun da ya haɗa ƙabilun Iroquois ne, Q kuma na Quetzalcoatl ne na mutanen Meziko na dā. A al'adar Iroquois ba a ambaton sunan mai sulhun sai a wurin ibada, shi ya sa aka tsaya ga haruffa. An raba kujerun hukumar gudanarwa tsakanin ɓangarorin biyu. A 1977 makarantar ta sami shaidar amincewa a matsayin kwaleji mai karatun shekara biyu, abin da takwarorinta na Tekzas ba su taɓa samu da sunansu ba.

Abin da ya raba tafiyar shi ne kuɗi. A 1978 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar tallafa wa kwalejojin da ke hannun ƙabilun asali. Sharaɗin dokar shi ne ƙabilun su kasance masu iko da makarantar. D-Q ta koma wannan rukuni, hannun Cikanawa a shugabancinta ya ƙare, ko da yake ɗalibansu sun ci gaba da zuwa. Ta rayu har 2005, lokacin da ta rasa shaidar amincewa ta daina karatun digiri.

4.3 Colegio César Chávez a Oregon

Oregon tana can arewa maso yamma, nesa da iyakar Meziko. Amma kwarin Willamette yanki ne na noma, iyalai da yawa daga Tekzas da ke zuwa cirani lokacin girbi sun zauna a can. A ƙaramin garin Mount Angel akwai wata tsohuwar kwaleji da matan zuhudu na ɗariƙar Benedict ta cocin Katolika suka kafa. A farkon shekarun 1970 ɗalibai suka ragu, bashi ya yi mata katutu, ta rasa shaidar amincewa. Wasu malamai da ɗalibai Cikanawa da ke cikinta, ƙarƙashin jagorancin Sonny Montes da Ernesto Lopez, suka karɓi ragamarta. Ranar 12 ga Disamba 1973 suka sauya mata suna zuwa Colegio César Chávez, domin girmama shugaban ƙungiyar ƴan ƙwadagon gona, wanda ya ziyarce ta da kansa. Ranar da suka zaɓa ita ce ta bikin Maryamu ta Guadalupe, babbar rana ga mutanen Meziko.

Tsarin karatunta shi ne mafi bayyana abin da waɗannan makarantu ke nufi da ilimi na dabam. Ana kiransa kwaleji marar bango, tsarin da wata ƙungiyar kwalejoji masu gwajin sababbin hanyoyi ta yaɗa daga 1971. Kowane ɗalibi yana da kwamitinsa, wanda ya ƙunshi malami da ɗalibi ɗan'uwansa da wani daga cikin al'umma. Tare da su yake tsara abin da zai koya da yadda za a auna shi. Idan mutum ya shekara goma yana shirya ƴan ƙwadago ko yana aiki a asibitin ƙauye, zai iya rubuta abin da ya koya a can ya kawo shaida, a lissafa masa shi cikin karatunsa. Ana amfani da Sifaniyanci da Ingilishi duka biyu. Ana kuma sa ran aikin ɗalibi ya amfani unguwar da ya fito. Masu makarantar sukan kwatanta ta da iyali, inda ɗalibi da malami da ma'aikaci ke da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da ita. Da yawa daga cikin ɗaliban manya ne masu iyali, waɗanda makarantar gwamnati ta riga ta sallama.

Sai dai kwalejin ta gaji bashin magabaciyarta na kimanin dala miliyan ɗaya, wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya ke bi saboda gine-gine. Shekaru biyar na farko sun tafi a kan wannan rigima: ma'aikatar tana neman ƙwace harabar, ɗalibai da malamai suna zanga-zanga suna ƙin fita, lauyoyi suna kai da komowa. A 1975 ƙungiyar tantance makarantu ta yankin ta ba ta matsayin mai jiran amincewa, a 1977 ta yaye ɗalibai 22, a 1978 kuma aka sasanta da ma'aikatar gidaje. Amma ƙarfinta ya riga ya ƙare a fagen shari'a. A 1981 ƙungiyar tantancewa ta janye matsayin da ta ba ta, a 1983 ta rufe.

4.4 Wasu Gwaje-gwaje

A Denver, ƙungiyar Rodolfo Gonzales ta buɗe Escuela Tlatelolco a 1970. Sunan na wani dandali ne a birnin Meziko inda sojoji suka kashe ɗalibai masu zanga-zanga a Oktoba 1968. Ta fi ƙarfi a matakin firamare da sakandare, ta kuma rayu har 2017.

A ƙauyen Dixon da ke arewacin New Mexico, Tomás Atencio da abokansa suka kafa La Academia de la Nueva Raza, wadda ba ta nemi ba da digiri ba sam. Sun gina tunaninsu a kan abin da ake kira resolana, wato gefen bangon da rana ke haskawa lokacin sanyi, inda dattawan ƙauye ke taruwa suna hira, kamar dai majalisar ƙofar gida a wajenmu. Sun tattara karin magana da labarai da tarihin baka daga bakin mutane, su buga su, sannan su mayar wa mutanen domin a tattauna a kai. A ganinsu ilimin yana nan cikin al'umma, aikin masani shi ne ya taimaka a tono shi.

5.0 Dalilan Durƙushewa

Domin fahimtar abin da ya faru, ya kamata mai karatu ya san yadda ake amincewa da babbar makaranta a Amurka. Ba ma'aikatar ilimi ta tarayya ke tantance kwalejoji kai tsaye ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu na yanki-yanki, waɗanda tsofaffin jami'o'i suka kafa, suke aiko da tawaga ta duba ɗakin karatu da takardun malamai da asusun makaranta. Idan ba su amince ba, digirin makarantar ba ya shigar da mutum aikin koyarwa ko wata jami'a. Bugu da ƙari, tallafi da rancen karatu da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai tun dokar 1965 suna tafiya ne zuwa makarantun da ke da wannan shaida ko suke kan hanyar samunta. Ga kwalejin da ɗalibanta ƴaƴan ƴan ƙwadago ne, wannan tallafi shi ne kuɗin makaranta. Ke nan ba a samun shaida sai da asusu mai ƙarfi, asusun kuma ba ya ƙarfi sai da shaida.

Kowace makaranta ta nemi mafita ta hanyarta. Na Tekzas sun ari shaidar Antioch, Juárez-Lincoln kuma ta faɗi ranar da mai abu ya karɓi abinsa. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Colegio César Chávez ta nemi tata shaidar, bashin da ta gada ya hana. D-Q ta samu, amma kuɗin da zai riƙe ta ya zo da sharaɗin da ya fitar da Cikanawa daga shugabanci.

Dalili na biyu shi ne irin kuɗin da suka dogara da shi. Yawancinsa tallafi ne na shekara ɗaya ko biyu daga gidauniyoyi da coci-coci da shirye-shiryen yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya. Waɗannan shirye-shirye sun fara raguwa tun zamanin Shugaba Nixon, suka ƙara tsukewa bayan hawan Shugaba Reagan a 1981. Makarantun ba su da dukiyar ajiya, ba su da tsofaffin ɗalibai masu arziki.

Kwatanci da sauran al'ummu yana ƙara haske. Kwalejojin baƙaƙen fata irin su Howard, da aka kafa a 1867, da Tuskegee, da aka kafa a 1881, sun taso da goyon bayan coci-coci da masu hannu da shuni, dokar 1890 kuma ta ba wasu takwarorinsu kaso daga kuɗin gwamnati. Sun shekara kusan ɗari suna kafuwa kafin zamanin da muke magana. Ƙabilun asali kuwa suna da matsayin gwamnatoci masu yarjejeniya da Amurka, shi ya sa kwalejin da Navajo suka kafa a 1968 da ire-irenta suka sami doka ta musamman a 1978. Cikanawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan madogarai biyu.

Akwai kuma dalilai na cikin gida. Rabuwar Jacinto Treviño tun tana jaririya ta raunana ta. Tsarin da ke bai wa kowa bakin magana yana da daɗi a lokacin zaman lafiya, amma yakan jawo doguwar jayayya a ranar da albashi ya gagara. Yawancin shugabannin matasa ne da suka ƙware a shirya jama'a, ba su saba da riƙe littafin kuɗi irin wanda masu tantancewa ke nema ba. Daga ƙarshe, nasarar ɗaya hanyar ita ma ta rage musu kasuwa. Da manyan jami'o'i da kwalejojin gwamnati masu arha suka fara ɗaukar Cikanawa suna buɗe musu sassa, iyaye da yawa sun gwammace digirin da kowa ya sani.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa kwalejojin Cikanawa sun taso ne daga doguwar wariya a makarantun kudu maso yammacin Amurka, da kuma imanin cewa al'umma ba ta gyara iliminta sai ta riƙe makarantar da kanta. Mun ga kuma cewa riƙon nasu bai cika ba, tunda kuɗi da shaidar amincewa ba su taɓa zama nasu ba. Yunƙurin da ya biyo baya ma bai tsira ba: National Hispanic University, wadda Roberto Cruz ya kafa a Oakland a 1981, ta koma hannun wani kamfani a 2010 ta rufe a 2015.

Hanyar shiga cikin jami'o'in da ke akwai ita ta ɗore. Sassan nazarin Cikanawa sun kafu har wasu suna ba da digirin digirgir. A 1992 majalisar dokoki ta amince da wani rukuni na makarantu da aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu ƴan asalin ƙasashen Latin Amurka ne, adadinsu kuma ya haura 500 kafin 2020. Amma yawan ɗalibai ne ya sa su cikin rukunin, kusan dukkansu ba al'ummar ce ta kafa su ba. Tsoron da masu ficewa suka bayyana a 1969 ma bai zama banza ba: a 2010 jihar Arizona ta kafa dokar da ta kai ga rufe shirin nazarin Amurkawa ƴan asalin Meziko a makarantun birnin Tucson a 2012, sai a 2017 kotun tarayya ta ce an yi hakan ne bisa ƙiyayyar launin fata.

Abin da ƙananan kwalejojin suka bari yana jikin mutanen da suka ratsa ta cikinsu. Malaman da aka horar a Mercedes da Austin sun shiga makarantun Tekzas a daidai lokacin da aka fara koyarwa da harsuna biyu. A Oregon, Cipriano Ferrel, wanda ya yi karatu a Colegio César Chávez, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan ƙwadagon gona da dashen itatuwa ta PCUN a 1985 a garin Woodburn, mai nisan ƴan kilomitoci daga Mount Angel, shi ne kuma shugabanta na farko.